Tsarin shirya ƙarfin soja

Tsarin shirya ƙarfin soja hanya ce ta tunani da ma'aikatun tsaro ke bi wajen yanke shawarar irin rundunar da za su gina, me za a saya, wa za a horar, kuma nawa abin zai ci nan da shekara goma ko ashirin. In an ce "ƙarfi" a wannan fanni ba yawan tankoki ko bindigogi ake nufi ba, ana nufin iya yin wani aiki takamaimai ne, a wani yanayi, cikin lokacin da ake buƙata. Misali a kai bataliya guda wuri mai nisa cikin kwana uku, sannan a ci gaba da kai mata abinci da mai da harsasai har wata shida. Jirgin da zai kwashe su ɗan yanki ne kawai na wannan aikin.

Zamanin yaƙin cacar baka lissafin bai da wuya sosai, don Amurka ta san abokin gabarta Tarayyar Sobiyet ce, har ta san inda ake zaton tankoki za su ɓullo, wato mashigar Fulda da ke Jamus, sai kawai a ƙirga na abokin gaba a tanadi abin da zai tare shi. Shi ake kira shiri bisa barazana. Robert McNamara, da ya zama sakataren tsaro a 1961, shi ya kawo tsarin PPBS wanda ya ɗaure kasafin kuɗi da irin wannan shiri. To da Sobiyet ta wargaje a 1991 sai aka rasa wanda za a auna kai da shi. A 1993 sakataren tsaro na lokacin, Les Aspin, ya ce a gina rundunar da za ta iya yaƙi biyu kusan a lokaci guda, ana hangen Iraƙi da Koriya ta Arewa. Sai bitar tsaro ta 2001, ƙarƙashin sakataren tsaro Donald Rumsfeld, ta juya tambayar gaba ɗaya: a rage damuwa da wane ne zai kawo hari, a duba ta yaya zai kawo shi, wato shiri bisa ƙarfi. Daga nan aka samu JCIDS a 2003, tsarin tantance irin ƙarfin da sojin Amurka ke buƙata.

Abin da ya fi yaɗuwa daga wannan tunani shi ne jerin sinadaran da dole su haɗu kafin a ce an mallaki ƙarfi. Amurka na kiran nata DOTMLPF, haruffan farko ne na abu bakwai: aƙidar yaƙi, tsarin runduna, horo, kayan aiki, shugabanci da ilimi, ma'aikata, da gine-gine, daga baya aka ƙara manufa. NATO ta ɗauki wannan ta ƙara harafin I, wato rundunonin ƙasashe daban-daban su iya aiki tare, rediyon wannan ya ji na wancan. Birtaniya tana da TEPIDOIL mai abu takwas, ita ta ware bayanai da jigilar kaya a matsayin layi masu zaman kansu. Ostireliya kuma FIC take cewa, a 2016 ta saka masana'antu a ciki suka zama tara. Sunaye dai sun bambanta amma saƙon ɗaya ne, kuma amfaninsa babba shi ne kafin a ce a sayo sabon makami sai an fara tambaya ko canza horo ko aƙida zai toshe giɓin da ke tsakanin abin da ake buƙata da abin da ake da shi, wanda sau da yawa ya fi arha nesa ba kusa ba.

Afganistan ta nuna abin ƙarara. An ba sojin samanta jirage masu saukar ungulu ƙirar Black Hawk don su maye gurbin Mi-17 na Rasha da makanikansu suka saba da su, amma gyaran sababbin yana hannun ƴan kwangila na waje ne, da suka fice a 2021 sai jirage da yawa suka zauna a ƙasa. Kaya na nan, ƙarfi babu.

A sama da waɗannan jerin akwai samfurin kanar ɗin sojan Amurka Arthur Lykke na 1989, wanda ya kwatanta dabarar yaƙi da kujera mai ƙafa uku, buri da hanya da abin hannu, in ɗaya ta gaza tsawo kujerar ta karkace, karkacewar nan ita ce kasada. NATO ma na da nata zagayen na shekara huɗu mai mataki biyar, daga jagorar siyasa zuwa rabon aiki tsakanin ƙasashe har zuwa bitar abin da kowa ya cika.

Suka kam ana yi wa shiri bisa ƙarfi, kuma wasu na da gaskiya. In babu sunan abokin gaba da taswirar wurin, kowane reshe na soja zai iya cewa abin da yake sha'awa "giɓi" ne da ya wajaba a cike, ga takardu da tarurruka da kan ci shekaru kafin a amince da buƙata ɗaya, fasahar ma ta riga ta tsufa. Shi ya sa dabarar tsaron Amurka ta 2018 ta dawo ta ambaci Sin da Rasha ɓaro-ɓaro, yanzu ma'aikatu da dama haɗa hanyoyin biyu suke yi, su zana yanayin yaƙi da maƙiyi sananne sannan su bi jerin sinadaran ɗaya bayan ɗaya.