Zuwa Legas da Kuɗin Ɗalibi, Ba Mota: Ga Amsoshinku, a Bar Ni Na Huta

Tunda aka san na zauna a Legas shi ke nan, duk hutun makaranta sai ƙannen nan namu sun addabe ni da tambayoyi iri ɗaya. Wannan intabiyu zai je ofishin jakadanci, wancan can aka tura shi bautar ƙasa, wani kuma teku kawai yake son gani ya yi hoto kafin a koma aji. Bakina ya gaji. Ga su nan gaba ɗaya.

Mutum zai iya yawo a Legas ba shi da mota?

Zai iya. Yawancin mutanen garin ba su da mota kuma kullum suna fita nema. Mai motar ma ya fi ka shan wuya in go-sulo ya haɗe, kai ko ba komai za ka iya sauka ka taka.

Nawa zan tanada?

Don Allah a daina tambayata adadi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota bai zauna wuri ɗaya ba, danfo kuma, wato bas ɗin haya masu launin rawaya, dama can ba shi da tsayayyen farashi, na safe daban na yamma daban, hadari ya haɗo kwandasta ya ƙara kuɗi kana kallonsa ba yadda za ka yi. Abin da zan ce maka kawai, ware kuɗin komawa gida daban, ka manta da su kamar ba naka ba. Sauran kuma ka sani mota da wurin kwana ne za su cinye, ba abinci ba.

Daga Kano jirgin sama ko mota?

Ɗalibi ne kai ko ɗan majalisa? Mota. Tafiyar wajen kilomita dubu ce, kwana ake yi a hanya, ka riƙe rigar sanyi da fawa bank. Kafin ka biya ka tambayi a wace unguwa motar ke sauke mutane, don Legas ba tasha ɗaya ba ce. In kun iso da duhu ka zauna cikin tashar har gari ya waye, ba wanda ke korar ka.

Mene ne katin Cowry da kake ta faɗa?

Katin biyan kuɗin motocin gwamnatin jiha ne. Da shi ake shiga BRT, dogayen bas ɗin nan masu layinsu daban a titi waɗanda aka fara a 2008, da shi ake shiga jirgin ƙasa na cikin gari da jirgin ruwan gwamnati. A manyan tashoshin BRT ake sayarwa, a nan za a zuba maka kuɗi a ciki. Ranar da ka sauka ka saye shi. In ba ka san yadda ake kara shi a na'ura ba, kalli na gabanka ka yi yadda ya yi.

Acaɓa fa? Ai 'yan'uwanmu ne ke yi.

Eh, da yawansu namu ne, amma hakan ba zai cece ka ba. Tun watan Yunin 2022 aka hana acaɓa a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Mainland da Lagos Island, a Satumba aka ƙara da Kosofe, Mushin, Shomolu da Oshodi-Isolo. Dokar har da fasinja take kamawa. Za ka ga ana hawa, na sani, ni dai ban ce ka hau ba. Cikin unguwa akwai adaidaita sahu, Keke Marwa suke ce masa, akwai kuma ƙananan bas da ake kira korope.

Ba na jin Yarbanci.

Ba komai, kwantar da hankalinka. Turancin buroka ya ishe ka, Hausa kuma duk kan kwana akwai mai shayi ko mai suya ko maigadi da zai gane ka. Kalma ɗaya ce dole, in ka zo inda za ka sauka daga danfo ka ɗaga murya ka ce "owa". In ka tsaya kunya sai an wuce da kai tasha biyu. Ka kuma shiga da canjinka, don kwandasta zai iya haɗa ku mutum biyu da takardar kuɗi ɗaya ya ce ku je ku raba, motar ta yi gaba ta bar ku kuna kallon juna a bakin titi.

Wajen ɗan'uwana zan sauka a Agege, amma intabiyuna ƙarfe 8 na safe a Victoria Island. Ƙarfe nawa zan fita, ta ina zan bi?

To, yanzu aka yi tambaya. Kuma amsarta ba ɗaya ba ce, ya danganta da ranar, da yanayin sama, da abin da ke aljihunka.

Ka fara fahimtar garin. Kashi biyu ne, ɓangaren tudu da ake kira Mainland inda yawancin jama'a ke kwana, da tsibiri inda bankuna da manyan ofisoshi da ofisoshin jakadanci suke. Gada uku ce ke haɗa su: Carter, Eko, da Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8 da aka buɗe a 1990. Da safe kowa tsibiri ya nufa, da yamma kowa ya juyo, ka ga kenan kai da za ka taso daga Agege da sassafe cikin tururuwar za ka faɗa. In ka duba taswirar waya da tsakar dare za ta nuna maka ƙasa da awa ɗaya, wajen kilomita 30 ne ai, sai ka kwanta da murna. Safiyar Litinin wannan hanyar tana iya cin awa uku, in an yi ruwa ko wata tirela ta mutu a kan gada kuwa sai dai addu'a.

Hanya ta farko, jirgin ƙasan Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024. Daga Agbado yake tasowa, ya tsaya Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba, ya ƙare a Oyingbo. A kan takarda wannan ya fi kowanne, ka hau a Agege ka tsallake duk cunkoson Ikeja da Oshodi, daga Oyingbo ka shiga motar CMS ko Obalende, tashoshin mota ne a tsibiri, daga nan ka ƙara wata zuwa Victoria Island. Amma fa ba kowane minti yake tashi ba, yana da lokutansa kuma akan canza su, saboda haka kada ka dogara da abin da wani ya gaya maka bara, ka taka da ƙafarka zuwa tashar tun jiyan ranar ka tambaya. In sahun farko zai kai ka Oyingbo kafin 6:30, to madalla. In kuwa sai bakwai saura, ni ba zan yi caca da bizata ba, don har yanzu akwai gada a gabanka da mota biyu.

Ta biyu, ka fito Oshodi, ko da danfo daga Pen Cinema ko ka gangara Dopemu ka kama BRT da ke tasowa daga Abule Egba. A babbar tashar Oshodi akwai bas na Obalende da CMS masu bi ta Third Mainland. Matsalar nan layi ne, da asuba za ka tarar da mutane sun jeru kamar ba su kwanta ba, wani lokaci tsayuwar layin ta fi tafiyar daɗewa. In wannan za ka bi, ƙarfe 5 ta yi maka a titi, ko ma kafin nan in Litinin ce. Na san za ka ce sallar asuba fa. Akwai masallatai a Obalende da kewayen CMS, ka fita da alwalarka, ko ka duba lokacin fitowar alfijir na watan ka tsara. Sai dai kuma fitar duhu tana da nata haɗarin, lokacin ne 'yan "one chance", ɓarayin nan masu ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi, suka fi yawo, don haka a cikin tasha za ka shiga mota, ba wadda ta tsaya maka a gefen titi tana kiran Obalende da araha ba.

Ta uku, Bolt ko Uber. Wasu na ganin in sun kira mota an gama. Titi ɗaya za ku bi da danfon, go-sulo ɗaya, kuma da safe farashin tashi yake yi. Amfaninta a ƙarshen tafiya ne, daga CMS ko Obalende zuwa ƙofar ofishin, musamman in ba ka san layin ba ko ruwa ya tsuge kana sanye da farar shadda.

Abin da ni zan yi in ni ne kai, in dai intabiyun nan babba ne wanda aka biya kuɗi masu yawa kafin a samu ranar: na kwana kusa. Yaba, Ebute Metta, Surulere, ko Obalende ma. Ɗan ƙaramin otal na dare ɗaya, ko ɗakin wani aboki a wajajen Akoka in kana da wanda ka sani a Jami'ar Legas. Zai ƙona maka aljihu, eh, amma ka auna shi da asarar ranar. In babu hali ko kaɗan, to aƙalla ka yi gwajin hanyar kwana ɗaya kafin ranar, a daidai lokacin da za ka fita, ka ga ƙofar da idonka ka dawo. Watan Yuni da Yuli kuma ka ƙara awa guda a kan duk lissafin da na ba ka, ka sa takardunka a leda. Sannan ka karanta takardar gayyatarka da kyau, wasu ofisoshin ba sa bari a shiga da waya ko jaka, masu ajiya a waje kuma ba don Allah suke yi ba.

Abinci? Ance ba tuwo.

Wa ya ce? Je ka Agege da daddare, sai ka rantse kana Fagge, tuwo, masa, fura, balangu, komai akwai. Haka Idi-Araba da Mile 12, inda tumatir da albasa da tattasan Arewa ke sauka. Amma haba, ka yi tafiyar kwana don ka ci abin da ka baro gida? Sayi burodin Agege da ewa agoyin, wake ne dafaffe luguf da baƙin yaji soyayye a manja, ka ci da safe ba za ka nemi komai ba sai la'asar. Ka ce a sa yajin kaɗan. Na faɗa maka.

Zan iya tsallaka titi in ba mota?

Inda duk ka ga gadar ƙafa, hau ta. A Oshodi da Ojota da Berger jami'an tsaftar muhalli na jiha da ake kira KAI na tsaye suna jiran masu tsallakawa ta ƙasa irinka, kuma ba sa jin "ni baƙo ne".

Me zan gani wanda ba sai na kashe kuɗi sosai ba?

Ka ware rana ɗaya ta tsibiri, da ƙafa za ka yi yawancinta. Fara da gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan, kuɗin shiga kaɗan ne, a nan aka ajiye baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala a cikinta ranar 13 ga Fabrairun 1976, ramukan harsashin na nan a jiki. Ku da kuke karanta shi a littafi ya kamata ku tsaya gaban motar nan ko minti biyar ne. Ka tambaya kafin ka ɗaga waya. Daga nan Dandalin Tafawa Balewa taku kaɗan ne, filin da aka yi bikin 'yancin kai a 1960. Ka miƙe Broad Street akwai Freedom Park, tsohon kurkukun Turawa ne aka mai da shi wurin shaƙatawa. Azahar ta yi maka a babban masallacin Legas na titin Nnamdi Azikiwe, ka leƙa masallacin Shitta-Bey na 1894 a titin Martins, sai ka faɗa kasuwar Balogun, jakarka a gaba. In kana son hawa jirgin lantarki, Blue Line na tashi daga Marina zuwa Mile 2 tun Satumban 2023, yana bi ta saman ruwa ya wuce ta gaban National Theatre da aka yi bikin al'adun baƙar fata na FESTAC a ciki a 1977. Je ka dawo, kallo ne mai araha.

Lekki kuma akwai Nike Art Gallery, shiga kyauta. Lekki Conservation Centre ana biya, gadar igiyarsu ta saman bishiyoyi mai tsawon mita 401 kuɗinta daban, birai kuma suna fizge abinci a hannu.

Teku fa? Bar Beach nake son zuwa.

Babu Bar Beach, an cike wurin da yashi ana gina sabon birnin Eko Atlantic. Na Lekki kusan duk sai ka biya a ƙofa. Tarkwa Bay da kwalekwale ake zuwa, ka sa rigar kariya daga nutsewa ko da matuƙin ya ce ba komai, ka kuma dawo da rana tsaka-tsaki. Ruwan nan yana ja. Kai da ko kududdufin unguwarku ba ka iya ba, tsaya iya idon sawu ka yi hotonka.

Ni mace ce, ni kaɗai zan je.

Ƙanwata kada a tsorata ki, mata masu hijabi cike suke a BRT, Musulmi a Legas ba kaɗan ba ne. Ki sauka wurin wanda gidanku suka sani, ki riƙa turawa wani inda kike, motar da kika leƙa kika ga maza zalla ki bar ta ta wuce, magariba ta yi miki a gida.

Waya zan saya a Computer Village, ance akwai araha.

A kasuwar wayoyin nan ta Ikeja akwai araha, akwai kuma kuka. Cikin shago, da rasit, ka kunna ka gwada komai a gabansa. Wanda ya tare ka a titi yana nuna maka waya a tafin hannu, ko sallamarsa kada ka tsaya amsawa da tsawo.

Yaya, zan iya sauka wajenka?

A'a. Ɗaki ɗaya ne, kuma akwai mutum biyu a ciki da suka ce sati ɗaya za su yi.