Kifin Kogin Kaduna da Abin da Muke Zubawa a Rafi

Jama'a, manoma da masunta, a ba ni aron kunne. Duk ruwan saman da ya sauka a gonarku, in bai nutse ƙasa ba, akwai inda za shi. Wanda ya zuba a Zariya da kewaye yana gangarawa rafin Kubanni, Kubanni ta miƙa wa Kogin Galma, Galma ta kai Kogin Kaduna. Shi kuma kogin daga tsaunukan Jos ya taso, ya ratsa garin Kaduna, ya bi ta Shiroro da Zungeru, ya je ya faɗa Kogin Kwara. Amma da ka haura arewa ka tsallake tudun da ya raba mu da ƙasar Kano, ruwan can wata hanya yake bi: Tiga, Haɗeja, Yobe, har Tafkin Chadi. Tudu ɗaya ne ke raba makomarsu.

Kifi kuwa ba ya tsallake tudu. Iyakarsa rassan kogin da aka haife shi a ciki. Shi ya sa tarwaɗa, ƙarfasa, kurungu, tsage da giwan ruwa da ake kamawa a nan dangin na Kwara ne, kuma abin da ya taɓa reshe ɗaya ya taɓa sauran.

Ku lura da abin da ke faruwa in damina ta kankama. Ruwa ya yi ja, kogi ya cika ya malala fadama, sai kifi ya kama hawa, yana kutsawa ƙananan rafuka da cikin ciyawar da ruwa ya shanye. Nan yake zuba ƙwai, nan 'ya'yan ke samun abinci da maɓoya kafin ruwa ya janye su koma uwar kogi. Wato rafin nan na bayan gari da muke rainawa, wanda da rani yaro ke tsallake shi, shi ne ɗakin haihuwar kifi. Madatsar Shiroro, tun da ta fara aiki a 1990, ta riga ta tare wa kifin ƙasa hanyar hawowa, saboda haka abin da ya rage mana a sama sai mun riƙe shi da kyau.

To a wannan rafin ne wani zai gama feshin ciyawa ya tsuguna ya ɗauraye tankinsa, ya wurga robar maganin cikin ruwa. Wani ya nome har bakin gaɓa, ya sare bishiyoyin da ke riƙe ƙasa, ruwan farko ya kwashi laka ya binne ƙwan. Masu zuba maganin ƙwari na Gamalin a ruwa don kifi ya taso kuwa, wannan ba kamun kifi ba ne, ɓarna ce. Babba da ƙarami duk yake kashewa, kuma mutane ne za su ci.

Abin da muke roƙo ba mai wuya ba ne. A ɗebi ruwa a bokiti a wanke tankin feshi can nesa da rafi. A bar ciyawa da itatuwa tsakanin kunyar ƙarshe da bakin ruwa. Kada a yi feshi in hadari ya haɗu. Masunta su ajiye raga mai ƙananan ido, musamman gidan sauron da aka raba don zazzaɓi, wanda wasu suka mayar taru. Wanda ya ga kifi na tasowa matattu, kada ya kwasa ya kai kasuwa, ya sanar da sarkin ruwa ko malamin gona na yankinsa a ranar.