Shurin bindiga: me ake nufi da "nauyin da ya dace" a babbar bindigar farauta?

Duk wanda ya fara neman bindigar farautar manyan namun daji, irin su ɓauna da giwa da dorina, ba ya daɗewa sai ya ci karo da wata magana da masu harkar ba sa gajiya da ita: wannan bindiga ba ta kai nauyin harsashinta ba, waccan kuwa nauyinta ya dace. Baƙo a harkar zai yi mamaki, domin a yawancin kayan da ake saɓawa a kafaɗa, rashin nauyi abin yabo ne. A nan aibi ne babba, kuma dalilinsa ɗaya ne, wato shuri.

Kafin mu je can, wace ce babbar bindiga? Ba da tsawo ake gane ta ba, da faɗin ramin bututunta ne, wato kaurin harsashin da take ci. Mutanen Ingila da Amurka da inci suke awo, shi ya sa sunayen ke zuwa da ɗigo a gaba: .416, .458, .470. Idan an ce .458, ana nufin kaurin harsashin saura kaɗan ya kai rabin inci, kimanin milimita 11.6. Yawancin mafarauta daga .400 zuwa sama suke kira mai faɗin baki. Ita .375 H&H Magnum, wadda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912, tsofaffin hannu a matsakaiciya suke ɗaukarta, amma daga kanta ake fara lissafi, domin a wasu ƙasashen Afirka masu ba da lasisin farauta, kamar Tanzaniya, ita ce mafi ƙanƙantar da doka ta yarda a tunkari dabba mai haɗari da ita. A samanta akwai .416 Rigby ta 1911, da .458 Winchester Magnum ta 1956, da .470 Nitro Express, har zuwa .600 Nitro Express mai jefa harsashi na giram 58.

Shuri shi ne dukan da bindiga ke kai wa kafaɗar mai harbi a daidai lokacin da harsashi ya fita. Albarushin da ya kama wuta ba gaba kawai yake turi ba. Yadda ya ingiza harsashi zuwa gaba, haka yake ingiza bindigar zuwa baya, da ƙarfi iri ɗaya. Wannan ita ce doka ta uku cikin dokokin motsi da Isaac Newton ya wallafa a 1687. Wanda ya taɓa yin tsalle daga ƙaramin kwale-kwale zuwa gaɓa ya san abin a jikinsa: shi ya yi gaba, kwale-kwalen ya sulale baya. Da a ce daga babban jirgin ruwa ya yi tsallen, jirgin ko gezau ba zai yi ba. Tsallen bai canja ba, nauyin abin da aka taka ne ya canja.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauki nauyin harsashi a ninka da gudunsa, a ƙara da nauyin albarushi ninki gudun hayaƙin da ya zama, abin da aka samu shi ne turin da bindiga za ta sha. A raba shi da nauyin bindigar, sai a sami gudun da za ta yi baya. Mu gwada da .458 Winchester: harsashi giram 32, yana fita da gudun kimanin mita 650 a daƙiƙa, albarushi wajen giram 4.5. Idan bindigar kilo 3.5 ce, za ta dawo da gudun kusan mita 7.6 a daƙiƙa, ƙarfin dukan kuwa wajen jul 100, jul ɗin nan shi ne ma'aunin ƙarfin aiki a kimiyya. Idan kilo 4.5 ce, gudun ya sauka zuwa 5.9, dukan ya koma jul 78. Kilo 5.5, jul 64. Kilo 6.5, jul 54. Don a gane girman waɗannan lambobi, bindigar farautar barewa irin .30-06 ba ta cika wuce jul 27 ba, kuma mutane da yawa daga nan suke fara jin abin ya ishe su. Ita .375 H&H a bindiga mai kilo 4 tana bugawa da wajen jul 50.

A sake duba lambobin nan da kyau, domin a cikinsu amsar take. Kilo na farko da aka ƙara ya rage jul 22. Na biyu ya rage 14. Na uku, 10 kacal. Amfanin nauyi raguwa yake yi, alhali wahalar ɗaukarsa ba ta raguwa, kilo na uku ma ya fi na farko cin rai idan rana ta take kuma an yi tafiya mai nisa. Ke nan akwai wani wuri a tsakiya inda ƙarin nauyi ya daina biyan wahalarsa. Wurin nan shi ake kira nauyin da ya dace, kuma kowane harsashi da nasa.

Maƙeran bindiga sun daɗe da laluba shi, tun kafin mai harbi ya iya zama ya yi lissafi a waya. Abin da aka saba gani shi ne .375 tana zama tsakanin kilo 4 da 4.5, .416 tsakanin 4.5 da 5, su .458 Lott da .470 Nitro Express wajen kilo 5 ko sama da haka kaɗan. Daga .577 abin ya haura kilo 6, .600 kuwa takan kusanci 7. Da laba suke faɗa a littattafan masu abin, laba ɗaya giram 454 ce, don haka bindigar laba 10 kilo 4.5 ke nan. Kuma nauyin da ake nufi na bindigar da ta shirya fita ne, da madubin hange da maƙalansa, waɗanda kan kai rabin kilo, da igiyar rataya, da harsasai a ciki. Harsasai huɗu na .458 kaɗai sun kai giram 200. Kamfani idan ya rubuta nauyi a takarda, na bindiga tsirara yake rubutawa, a kiyaye.

To, me ya sa ake ɗaukar maganar da zafi haka, bayan shuri ɗaya ba ya kashe kowa? Ba ciwon kafaɗa ne matsalar ba, kafaɗa tana warkewa. Matsalar ita ce abin da shuri ke koya wa jiki. Mutum ya sha duka sau biyar, sau goma, jikinsa ya haddace cewa jan kunama na nufin zafi. Daga nan, ba tare da ya sani ba, sai ya fara runtse ido, ya noƙe kafaɗa, ya fizgi kunamar maimakon ya matsa ta a hankali, duk kafin harsashin ya fita. Saiti ya ɓaci tun bindiga ba ta yi ƙara ba. Wannan zabura ba ragwanci ba ce, ba kuma a korar ta da cika baki. Frederick Selous, Baturen Ingilan da ya yi farautar giwa a shekarun 1870 a yankin da yau ake kira Zimbabuwe, ya yi aiki da bindigogin ɗuri masu cin dunƙulen dalma na kimanin giram 113, kuma shi da kansa ya rubuta daga baya cewa shurinsu ya taɓa masa natsuwar harbi. Idan abin ya kama mutum irin wannan, ba wanda zai ce ya fi ƙarfinsa.

Wanda ke biyan kuɗin zaburar ba mai harbin ba ne shi kaɗai. Ɓauna namiji yakan kai kilo 700, kuma idan harsashi ya kauce wa zuciya da huhu ya shiga ciki ko cinya, ba faɗuwa yake yi ba. Kurmi yake shigewa da rauni, yana shan azaba, sannan dole wani ya bi sawun jininsa, galibi masu bin sawu ne a gaba, hannunsu ba komai. Shi ya sa ni ban ɗauki maganar nauyi a matsayin maganar jin daɗin mai bindiga ba. Haƙƙin dabbar ne a kashe ta da harbi ɗaya mai kyau, haƙƙin abokan tafiya ne kada a jefa su cikin haɗarin da za a iya kauce masa. Harsashin .375 da ya shiga inda ya dace ya fi na .500 da ya shiga tumbi nesa ba kusa ba.

Akwai kuma harbi na biyu. Bindiga marar nauyi bakinta sama yake tashi sosai, kafin a sauko da shi a sake samun dabbar a saiti an yi asarar lokaci, ga shi farautar irin waɗannan dabbobi kusa ake yin ta, sau da yawa ƙasa da mita 50. Ita kanta bindigar tana jin jiki: shuri mai sauri shi ke tsaga katako, ya kwance maƙalan madubi, ya sa bakin madubin ya sari girar mai harbi.

Ɗaya ɓangaren ma yana da gaskiyarsa. A zamanin da, lokacin da ake zuwa farauta Gabashin Afirka da ayarin 'yan dako, akwai mai ɗaukar bindiga na musamman, maigida sai dabba ta bayyana yake miƙa hannu. Bindigogin kilo 6 da 7 don wancan zamani aka ƙera su. Yau yawanci mutum shi ke ɗaukar kayarsa, kuma bin sawun giwa yini ne guda a ƙafa cikin zafi. Hannun da ya gaji rawa yake yi. Abin da ya fi wannan muni, bindigar da ta yi nauyi da yawa takan koma rataye a baya, ko a miƙa wa wani, a daidai lokacin da ya kamata tana hannu. Wanda ke hawan duwatsun Alaska neman beyar, wani ƙaton naman daji mai gashi da farata, ko ƙwararren jagoran farauta da ke ɗauke da bindiga wata da watanni amma da wuya ya harba, suna da hujjar rage nauyi. Sai dai shi jagoran ya riga ya ƙona harsasai masu yawa, jikinsa ya san dukan. Baƙon da ya kwaikwaye shi a nan ya ɗauki abin da ba nasa ba.

A ganina, idan za a yi kuskure, gara a yi shi ta wajen nauyi. Gajiyar ɗauka tana da magani, a yi ta tafiya da bindigar makonni kafin farauta har jiki ya saba. Zabura kuwa idan ta shiga, fitar da ita aiki ne mai tsawo. Wanda ya ga kilo 5 ya fi ƙarfinsa, kada ya nemi .458 mai kilo 3.5, ya sauko zuwa .375 mai kilo 4. Harsashin ake ragewa, ba ƙarfen ba.

Sikeli kuma ba ya faɗin komai da komai. Bindigogi biyu masu nauyi ɗaya, wata sai ka ji ta kamar gungume, wata kuwa tana tashi kafaɗa da kanta. Bambancin yana wurin da nauyin ya taru. Ana so ya zauna tsakanin hannaye biyu, a bindiga mai baki biyu kusa da inda take karyewa, a mai sakata kuwa, wato wadda ake jan wani ƙarfe baya a tura gaba don ɗana harsashi, wajen gaban gidan harsashi. Ya yi gaba da yawa, tana da nawar juyawa. Ya yi baya da yawa, bakin ba ya tsayawa wuri ɗaya kuma ya fi tashi sama. Wannan ya shafi masu cusa dalma ko bututun zaiba a gindin katako don rage shuri. Dabarar tana aiki, tana ƙara kwata zuwa rabin kilo, amma idan duk a baya aka zuba, an gyara wani abu an ɓata wani. Mai baki biyu ma ta fi wuyar sha'ani a nan, domin maƙeri ya daidaita bututunta biyu ne bisa yadda take motsi lokacin harbi, canja mata nauyi ko ɗora mata madubi na iya sa harsasan biyu su daina haɗuwa wuri ɗaya.

Sai dacewar katako da jikin mai ita. Tsawonsa ya yi daidai da hannu, gindinsa ya zama mai faɗi da matashin roba mai kyau, don dukan ya bazu maimakon ya taru wuri ɗaya, bayansa kuma kada ya riƙa marin kunci. Lissafi ba ya canjawa, amma abin da jiki ke ji yana canjawa ƙwarai. Akwai kuma birkin baki, wani ƙarfe mai huji-huji da ake ɗaurawa a bakin bututu yana karkatar da hayaƙi gefe. Yana rage shuri sosai ba tare da nauyi ba, sai dai ƙarar da yake watsawa gefe tana lalata kunnen duk wanda ke tsaye kusa, shi ya sa jagororin farauta da yawa ba sa ƙaunarsa. A filin gwaji, inda kowa ya toshe kunne, ba laifi.

Hanyar gane ko nauyin ya dace da kai ba a kan tebur take ba, domin a zaune jiki ba ya iya lanƙwasa baya, duk dukan a kafaɗa yake ƙarewa. A tsaye ake gwadawa, ko a kan sandunan jingina, yadda za a yi a daji, kuma bayan an yi tafiya mai tsawo da bindigar, ba da sanyin jiki ba. Sai ka ba abokinka ya riƙa ɗura maka ita ba ka gani, wani lokaci harsashi na gaske, wani lokaci na bogi marar albarushi, bakin bindiga kullum yana kallon abin saiti. Idan ka ja kunama a kan na bogi bakin ya tsaya cak, kai da ita kun dace. Idan ya yi ƙasa ko idonka ya runtse, sai a ƙara mata rabin kilo a tsakiya, ko a sauka zuwa harsashin da ke ƙasa da wannan, a sake gwadawa.