Giyar da aka ajiye a ɗaki ba mai ita kaɗai take kayarwa ba

A jihohi irin su Kano da Zamfara doka ta hana sayar da giya, Musulunci ya haramta ta, coci-coci da yawa ma suna hana mabiyansu sha. Wannan wa'azi na malamai ne da fastoci. Namu aikin, mu ma'aikatan lafiya, shi ne faɗin abin da ke faruwa a gidajen da ake ajiye ta, domin ana ajiye ta ɗin: burukutu da fito a jarka bayan ƙofa, goskolo ko ogogoro, wato farar barasa mai ƙarfi ta gargajiya, a gorar ruwa, ƙananan ledojin barasa a aljihun riga ko ƙarƙashin katifa, kwalaben biya a firij kusa da zoɓon yara. Akwai kuma gidajen da za su rantse ba su taɓa shigar da giya ba, alhali a kan kabad akwai kwalbar jiƙon saiwoyi na basir ko na ƙarfin maza, wanda da barasa mai ƙarfi aka jiƙa shi. Duk waɗannan gidaje maganar ta shafa.

A fara da lissafi, domin yawancin masu sha kwalba suke ƙirgawa, ba abin da ke cikinta ba. Kwalbar biya babba mai mililita 600, mai ƙarfin kashi 5 cikin 100, tana ɗauke da kimanin giram 24 na zallar barasa. 'Yar leda mai mililita 30 da ƙarfin kashi 40 cikin 100 tana da kusan giram 10, wanda shi ne ma'auni ɗaya a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya. Wato leda biyar, waɗanda ba su cika tafin hannu biyu ba, sun kai manyan kwalabe biyu. Hantar babban mutum mai lafiya ba ta iya sarrafa fiye da giram 7 zuwa 10 a awa guda. Shayi mai zafi, wanka da ruwan sanyi, goro, farfesu mai yaji, babu wanda ke ƙara mata sauri. Wanda ya sha kwalba huɗu da ƙarfe goma na dare, idan ya hau babur ko ya kama sitiyari da asuba, da sauran barasa a jininsa. Ita kuwa ogogoro da goskolo babu takarda a jikinsu, ƙarfinsu na iya zama kashi 30, na iya haura 50, mai sayarwar ma bai auna ba.

Wanda ya fi shiga hatsari a gidan shi ne yaro. Yaro ɗan shekara biyu mai nauyin kilo 12, leda ɗaya tak ta isa ta bugar da shi, uku ko huɗu na iya kashe shi. Dalili kuwa, hantar yaro ba ta da ajiyar sukari mai yawa, barasa kuma tana hana ta samar da sabo. Sai sukarin jininsa ya faɗi, ya yi laushi, jikinsa ya yi sanyi, ya kama jijjiga ko ya suma, wani lokaci sa'o'i bayan ya sha. Iyaye kan ɗauka barci ne, su shimfiɗe shi su ja ƙofa. Kuma sau da yawa ta hanya ɗaya abin ke zuwa: an zuba farar barasa a gorar ruwa ko kwalbar lemo, yaro ya dawo daga wasa da ƙishirwa ya kafa kai. Ledojin nan kuwa masu launi da ƙamshin 'ya'yan itace, a idonsa alewa ce. Yana daga cikin dalilan da suka sa hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, ta sanar a watan Fabrairun 2024 cewa ta fara aiwatar da haramcin barasar leda da ta ƙananan kwalabe 'yan ƙasa da mililita 200.

Don haka duk abin da ke da barasa ya zauna cikin mazubinsa na asali, a akwati ko kabad mai kwaɗo, mabuɗin kuma a hannun babba. Saman kabad ba ɓoyo ba ne, yaro ɗan shekara huɗu ya iya jawo kujera. Abin da za a kulle ɗin ya haɗa da sifirit na wanke rauni, da man tsaftace hannu wanda barasarsa ke kai kashi 60 zuwa 80 cikin 100, da turaren fesawa. Bayan baƙi sun tashi a zubar da ragowar da ke kofuna da ƙore a daren, kada a bari sai safe, domin yara kan riga kowa tashi.

Babbar masifa kuma ita ce metanol. Barasar da ake sha itanol ce. Metanol 'yar uwarta ce ta masana'antu, ana haɗa fenti da sinadaran goge-goge da ita, tana da araha, shi ya sa marasa imani ke tsarma ogogoro da ita don ta ƙara auki da kaifi. Launinsu ɗaya, warinsu da ɗanɗanonsu kusan ɗaya. Gwajin da ake yi na kunna mata ashana a duba kalar wuta ba ya tabbatar da komai. Cokalin shayi biyu na zallar metanol, mililita 10, na iya makantar da mutum har abada. Cokalin cin abinci biyu, mililita 30, na iya kisa. A watan Afrilun 2015 mutane kusan ashirin suka mutu a garin Ode-Irele na jihar Ondo, da farko har ana cewa wata baƙuwar cuta ce, kafin bincike ya nuna ogogoro mai metanol ce. Wata biyu bayan haka irin wannan ta hallaka gommai a jihar Ribas.

Abin da ke sa ta ci mutane shi ne jinkirinta. Mutum zai sha, ya bugu kamar kullum, ya kwanta, ya tashi garau. Sai bayan awa 12 zuwa 24, ko fiye idan ta gauraya da barasar sha, hanta ta gama mayar da ita wani guba mai tsami da ke ƙona jijiyar ido, ya lalata jini. Daga nan ciwon kai, ciwon ciki, amai, numfashi da sauri-sauri, gani ya dushe kamar an shiga hazo. Duk wanda ya sha barasar da ba a san asalinta ba, washegari ya ce ba ya gani sosai, babban asibiti za a nufa da shi nan take, ba kemis ba. A tafi da ragowar abin da ya sha, a kuma nemo duk waɗanda suka sha tare da shi ko da sun ce lafiyarsu ƙalau. Akwai maganin da ke tare gubar, akwai wankin ƙoda da ke fitar da ita, amma idan jijiyar ido ta riga ta mutu ba ta dawowa.

Mazubi ma na da nasa laifin. Jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin feshi na gona, fetur ko kalanzir, ko an wanke ta da omo sau goma roba ta riga ta sha, barasa kuma tana narkar da abin da ruwa ya kasa fitarwa. Masu dafa ogogoro da ke bi da tururi ta tsohon lagireto na mota suna zuba wa mutane dalma. Burukutun da ake dafawa a gangar ƙarfe mai tsatsa tana kwaso sinadarin ƙarfe, wanda ke taruwa a hanta shekara da shekaru. Idan kuma da dawa ko geron da ya yi funfuna aka yi ta, gubar funfunar ba ta mutuwa da tafasa, kuma tana cikin abubuwan da ke kawo kansar hanta. Burukutu da bammi ba kayan ajiya ba ne ma tun asali: suna ci gaba da tsima, cikin kwana ɗaya zuwa biyu sun yi tsami, idan aka toshe kwalba sosai iska na iya fasa ta.

Sai maganar magunguna, domin sau da yawa kabad ɗaya suke kwana da giyar. Tramol, maganin tari mai kodin, da ƙwayoyin barci irin su Valium, kowannensu yana rage numfashi, barasa ma haka. Idan suka haɗu mutum na iya kwanciya bai tashi ba. Flagyl da barasa kan jawo amai, bugun zuciya da jiri, a jira aƙalla kwana biyu bayan gama maganin. Farasitamol da ake watsawa don ciwon kan safiya yana dukan hantar da ta riga ta gaji. Mai sha kullum kada ya wuce ƙwaya huɗu masu miligiram 500 a yini sai da izinin likita. Magungunan tarin fuka da kansu suna wahalar da hanta tsawon wata shida da ake shan su, ba su da wurin ƙari. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwayar rage sukari, idan ya sha giya da yunwa sukarinsa na iya faɗuwa cikin dare, mutanen gida kuma su ce maye ne. Ga kuma ciwon hanta nau'in B: binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya na ɗauke da shi, akasari ba su sani ba. Gwajinsa ɗigon jini ne na 'yan mintuna, kuma wanda aka samu da shi babu adadin giyar da ya dace da shi.

Akwai al'adun da ya kamata a bari. Baƙar giya da madara ba ta ƙara jini. Mai ƙarancin jini ƙwayar ƙarin jini yake buƙata da hanta, wake da ganye. Burukutu ba ta kawo ruwan nono, rage fitarsa ma take yi, kuma barasar na shiga nono daidai yadda take a jinin uwa, kwalba babba ɗaya kan ɗauki awa huɗu zuwa biyar kafin ta fita. Mai ciki kuwa ko kurɓi kada ta yi, a kowane wata, domin tana ratsa mabiyiya ta taɓa ƙwaƙwalwar ɗan tayi, lahanin kuma ba ya gyaruwa. Kada a shafa wa jariri ogogoro a dasashi don haƙori, ko a goge jikin yaro mai zazzaɓi da ita, fatarsa na tsotsewa.

Idan an tarar da mutum ya sha har ba ya amsa kira, a kwantar da shi a gefensa, a lanƙwasa gwiwar sama, a ɗan ɗaga haɓarsa yadda amai zai zubo waje. Kwanciya rigingine ita ke sa amai ya koma huhu. Kada a ɗura masa manja, madara ko ruwan gishiri, kada a tura masa yatsa a maƙogwaro, kada a sheƙa masa ruwan sanyi. A rufe shi da zane domin jikinsa na zubar da zafi. A ƙirga numfashinsa na minti guda. Idan bai kai 8 ba, ko yana tsayawa daƙiƙa 10 tsakanin numfashi, ko leɓensa ya sauya launi, ko an tsunkule shi bai motsa ba, a nemi mota ko a kira 112. Yaro kuwa ba a jiran alama: idan yana farke kuma yana iya haɗiya a ba shi ruwan sukari, a wuce asibiti, idan ya suma kada a zuba masa komai a baki.

Wani kuskuren kuma da kyakkyawar niyya ake yin sa. Mata ko 'ya'ya su gaji, su kwashe giyar maigida kaf su zubar rana ɗaya. Ga mai sha jefi-jefi ba matsala. Amma wanda ya shekara yana sha kullum, har sai ya kurɓa da safe hannunsa ke daina rawa, yanke masa kwatsam na iya kashe shi. Cikin awa 6 zuwa 24 zai fara karkarwa, gumi da rashin barci. Jijjiga irin ta farfaɗiya kan zo cikin kwana biyun farko. A kwana na biyu zuwa na huɗu wasu kan ruɗe, su riƙa ganin ƙwari ko macizai a bango, jiki ya yi zafi. Ba aljanu ba ne, kuma ɗaure shi a ɗaki ba magani ba ne. Irin wannan mutum a ƙarƙashin kulawar likita yake dainawa, inda za a ba shi maganin kwantar da jijiyoyi ana rage masa a hankali cikin kamar mako guda, tare da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da Maiduguri, da asibitin koyarwa na Jos, duk suna karɓar masu wannan matsala. A je da shi tun kafin a taɓa abin da ya ajiye, a kuma faɗa wa likita gaskiyar abin da yake sha a rana da lokacin da ya sha na ƙarshe, domin da wannan ake auna maganin.