Ruwa ya fi kwal nauyi a bayan jirgin tururi

Mutane da yawa sun ɗauka taragon da ke manne da kan jirgin ƙasa mai tururi na kwal ne kawai. Ba haka ba ne. Dubi Flying Scotsman na Birtaniya: taragonsa na ɗaukar kwal tan 9, amma ruwa galan 5,000, fiye da tan 22. Duk da haka ruwan ne ke riga ƙarewa. Shi ya sa aka shimfiɗa dogayen kwatamai tsakanin layin dogo, jirgi na gudu yana kamfatar ruwa. Da aka fara cire wuraren shan ruwan nan, sai Alan Pegler, mai jirgin a lokacin, ya ƙara masa tarago na biyu a 1966, ruwa zalla a cikinsa.