Amfanin Addini ga Zaman Jama'a

Amfanin addini ga zaman jama'a mas'ala ce da masana ke tattaunawa ba tare da yanke hukunci kan gaskiyar abin da aka yi imani da shi ba, domin abin da suke dubawa shi ne tasirin imani a kan amana, taimakon juna da zaman lafiya. Masanin tarihi Ibnu Khaldun ya bayyana a cikin littafinsa Muƙaddima, wanda ya rubuta a 1377, cewa kiran addini yana ƙara wa asabiyya, wato haɗin kan jama'a, ƙarfi saboda yana rage hassada a zukatan mutane. A 1912 Bafaranshe Emile Durkheim ya kawo ra'ayin cewa ibadar da ake taruwa a yi ita ce ke ɗaure al'umma wuri guda, ko da wane irin addini ne.

A Ghana, inda ƙidayar 2021 ta nuna Kiristoci sun kai kashi 71.3 cikin ɗari, Musulmi kuma kashi 19.9, masu wannan ra'ayi sukan kafa hujja da unguwannin zango, wato unguwannin baƙi da yawancinsu Musulmi ne. Fataken goro da suka zauna a Kumasi sun daɗe suna ba da bashi da baki kawai, kuma masallaci da makarantar allo da maigida mai saukar baƙi su ne suka tsare wannan amana. Har yau a Nima da Sabon Zango na Accra, kuɗin jana'iza da na jinya sukan fito ne daga sahun masallata. Ana kuma ambaton ziyarar da Babban Limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, ya kai cocin Katolika a Accra lokacin Ista na 2019.

Masu suka suna nuni da tsofaffin mata da ake korawa zuwa garin Gambaga a arewacin Ghana bisa zargin maita, wanda shi ma imani ne ke haifar da shi, da kuma ƙasashe irin su Denmak inda zuwa coci ya yi ƙaranci amma amana ba ta ragu ba.

Wurin da mas'alar ta fi wuya shi ne raba amfani da gaskiya, domin ɗan kasuwar da ke tsoron cin amana saboda hisabi yana tsoron ne don ya yarda hisabin gaskiya ne. Saboda haka malamai da yawa ba sa karɓar wannan rabewa tun daga tushe. A wurinsu aiki yana tare da niyya, kuma wanda ya yi salla don gyaran zaman jama'a kawai bai yi ta don Allah ba.