Yaye jiki daga magungunan kashe raɗaɗi

Yaye jiki daga maganin kashe raɗaɗi shi ne rage adadin maganin da majinyaci ke sha kaɗan-kaɗan, bisa tsarin likita, har ya daina ko ya tsaya a kan ɗan abin da ba zai cutar da shi ba. Maganar ta fi shafar dangin ofiyam, wato mofin, kodin da tiramadol, wanda a Garwa, Marwa, Ngaundere da Injamena aka fi sani da tiramol. Likitoci na rubuta su ga wanda aka yi wa tiyata, ko ya karye a hatsarin babur, da masu sikila da masu ciwon daji.

Dalilin yin sa a hankali

Wanda ya yi makonni yana shan irin wannan magani kullum, jikinsa kan saba da shi. Wannan sabo ba laifin majinyaci ba ne, kuma dabam yake da kamu, inda mutum ke bin ƙwaya ido rufe alhali yana ganin tana rusa shi. Idan aka yanke maganin rana ɗaya sai jiki ya yi bore: hamma, zubar hawaye da majina, zufa, ciwon gaɓoɓi, murɗar ciki, gudawa, amai da rashin barci. Ga magungunan da ke saurin barin jiki, alamun kan fara cikin awa 8 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, su ɗauki kwana 4 zuwa 10. A yankin da zazzaɓin cizon sauro ya zama ruwan dare, abu ne mai sauƙi a ɗauka shi ne ya tashi.

Tiramadol na da nasa hali. Kamfanin Grünenthal na Jamus ne ya haɗa shi a 1962, ya shiga kasuwa a 1977. Bayan aikin dangin ofiyam, yana kuma taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa biyu, serotonin da noradirenalin, kamar yadda wasu magungunan ciwon damuwa ke yi. Shi ya sa wasu masu barinsa ke fama da faɗuwar gaba, ruɗewa, jin kamar kiyashi na yawo a jiki, har da gane-gane. A gida sai a ce iska ce ta taɓa shi, a nufi wajen mai ruƙiyya, alhali ƙwaya ce jiki ke nema.

Yadda ake tsara shi

Babu ma'auni ɗaya da ya dace da kowa. Jagorar da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar a 2022 ta ce wanda ya shekara ko fiye yana sha, a rage masa kamar kashi 10 cikin 100 a wata, ko ƙasa da haka. Wanda bai daɗe ba yana iya jure ragin kashi 10 a mako. Tun a 2019 hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta yi gargaɗi a kan yanke wa majinyata magani kwatsam, bayan rahotannin tsananin wahala da ma kisan kai.

A aikace, likita kan fara rage yawan abin da ake sha a kowane lokaci, daga baya ya tsawaita tazara, yawanci na dare ne ake bari ƙarshe saboda barci. In alamu suka yi tsanani, a dakata a matakin da ake har jiki ya natsu. Ƙarshen tafiyar ya fi wuya, domin cire miligiram 50 daga 300 ba ɗaya ba ne da cire 50 daga 100. Ƙwayar da aka yi ta don ta narke sannu a ciki ba a daka ta, ba a tauna ta. Ana taimakawa da farasitamol ko ibufurofen, da ruwan gishiri da sukari in akwai gudawa, da gasa wurin ciwo da motsa jiki. Mai juna biyu kada ta fara ragi sai da sanin likita, saboda abin da ke cikinta ma yana jin yankewar. Mai niyyar azumin Ramadan shi ma gara ya je a gyara masa lokutan sha tun cikin Sha'aban.

Matsalar ƙwayar bakin titi

Tsarin ragi lissafi ne, lissafi kuwa sai an san abin da ke cikin ƙwayar. Iyakar tiramadol ga babba miligiram 400 ne a yini, kuma kafso na farmasi yawanci 50 ne. Amma a tebur da tashar mota ana samun masu ɗauke da 200, 225 ko 250, waɗanda babu tabbacin abin da aka rubuta a jikinsu. Majinyacin da takardar likitansa ta ƙare ya koma wa mai tebur ya fita daga lissafi, kuma yawan tiramadol na jawo jijjiga irin ta farfaɗiya.

Yaɗuwar ƙwayar a arewacin Kamaru har masana ta taɓa ruɗawa. A 2013 wasu masu bincike suka ba da sanarwar samun tiramadol a saiwar tafashiya, suka zaci itacen ne ke yin sa. A 2014 wani binciken ya nuna cewa daga fitsari da kashin mutane da na shanun noma da ake ɗura wa ƙwayar ya shiga ƙasa.

Bayan an daina

Haɗari mafi girma na zuwa ne bayan ragi. Juriyar jiki kan sauka cikin ɗan lokaci, don haka adadin da mutum ya saba sha a da yana iya tsayar masa da numfashi yanzu, musamman in ya haɗa da diyazefam (maganin sa barci), giya ko bilbil (giyar gargajiya irin burkutu). Alamun su ne barcin da ba a iya tada mutum, numfashi sama-sama, da leɓe ya canja launi. A kwantar da shi a gefe guda, a garzaya asibiti. Allurar naloksan na farfaɗo da numfashi, sai dai ba ta warware dukkan illar tiramadol, ba ta kuma hana jijjiga. Wanda ya kasa ragi sau da yawa, ko yake ƙara wa kansa a ɓoye, kamu ne ake zargi, kuma maganinsa dabam ne: metadon ko bufurenofin inda ake samunsu, tare da kulawar likitan ƙwaƙwalwa.